"Sai haƙuri": tausayi ne ko hanyar rufe ma mutum baki?

KabuKabu_Zango:
Salamu alaikum mutanen gida. Akwai abin da ke cina a rai sati biyu ke nan, na ce bari in kawo shi nan. An sace mini babur ranar alhamis a bakin kasuwar Dole, na shiga karɓo saƙon wata hajiya ko minti goma ban yi ba na fito babu shi babu labarinshi. Kuma ba nawa ba ne, na wani alhaji ne nake aiki da shi ina kai mishi kuɗi duk yamma. To da dare na je fada wajen abokaina, mutanen da muka shekara takwas muna shan shayi tare, na fara ba da labari, wallahi ban ko kai inda ke mini ciwo ba wani ya ce "sai haƙuri, Allah shi maida alheri", kowa ya ce amin, wani ya ɗauko labarin nashi baburin da aka sace shekarun baya, kafin a zuba shayi na biyu an koma maganar ƙwallo. Na zauna kamar baƙo. Tambayata ita ce, wannan "sai haƙuri" da muke yi ma juna, tausayi ne ko dai dabara ce ta a ce ma mutum ya isa haka nan? Ko ni ne na cika son jiki?

Dan_Birni_Asali:
Allah shi maida maka da mafi alheri. Amma gaskiya mi kake so su ce? Ba su suka sace ba, ba su da kuɗin saya maka wani. Addu'a suka yi maka, ita ce mafi girman abin da ke hannunsu.

Maman_Ikram:
Dan_Birni ba ka gane shi ba. Bai ce addu'ar ba ta da kyau ba, cewa ya yi ba a bari ya gama ba. Ai ko tuwo aka kawo maka mai daɗi in aka tura maka shi a baki kana cikin magana sai ya shaƙe ka. Mu mata mun san wannan abu fiye da ku, ka fara gaya ma maigida abin da ya faru da rana, kafin ka kai rabi ya ce "to yanzu nawa ne?" shi a tunaninshi duk magana kuɗi take nema. Wani lokaci wallahi ko dala ba na so, so nake kawai ya aje wayar nan ya ce "to sai aka yi yaya?"

Tela_Sabongari:
Hhhh Maman_Ikram ai in muka ce "sai aka yi yaya" sai asuba 😂

Maman_Ikram:
Tela kai kuma in kana ba abokanka labarin yadda ka yi ciniki a Kano awa nawa kake ɗauka? Kuma suna jin ka.

Almajirin_GarinMalam:
Bismillah. Ni ina ganin kada mu raina kalmar haƙuri, Allah da kanshi ya yi umurni da shi wuri da yawa a Alƙur'ani. Kuma Annabi Yaƙub da baƙin cikin rabuwa da ɗanshi ya yi tsanani cewa ya yi yana kai kukanshi da baƙin cikinshi ga Allah ne kaɗai, yana cikin suratu Yusuf aya ta 86. Yawan kai ƙara wajen mutane ba ya ƙara komai sai raini.

Mushe_Karkada:
Malam gaskiya ka faɗa amma rabi ka kawo. Ɗauko izu na farkon juzu'i na 28, suratul Mujadala, da mi ta fara? Da cewa Allah ya ji maganar matar da ke jayayya da Annabi (SAW) game da mijinta. Khaulatu ce matar Ausu ɗan Samit, ya yi mata zihari, wato ya ce ta haramta gare shi kamar uwarshi, bayan ta tsufa a gidanshi ta haifa mishi ƴaƴa, ta zo tana ta maimaita kukanta, ba a ce mata tashi ki je ki yi haƙuri ba, aka saurare ta har hukunci ya sauka a kanta. Sannan ka tuna Utbatu ɗan Rabi'a da Ƙuraishawa suka aiko shi da tayin dukiya da sarauta don Annabi ya bar kira, maganar da babu abin karɓa a cikinta ko ɗaya, amma aka bar shi ya zube ta duka sannan aka tambaye shi, ka gama ya Abal Walid? Sai da ya ce ya gama aka karanta mishi farkon suratu Fussilat. Wanda ya zo da ɓarna ke nan aka ba shi wannan kunne, to ina ga abokinka da aka sace ma abin neman abinci? Har munafukai gori suka yi ma Annabi da wannan hali suka ce shi kunne ne, wai kowa ya zo sai ya saurare shi, Allah ya amsa musu a suratut Tauba aya ta 61 cewa kunnen alheri ne gare ku. Haƙuri umurni ne ga wanda abin ya sama, mu da ke gefe namu aikin daban ne.

Almajirin_GarinMalam:
Na karɓa Mushe, Allah shi ƙara sani. Amma dai a bambanta mai neman sauƙin zuciya da wanda ya maida ƙorafi sana'a, akwai su, kullum ka gan shi da sabon kuka.

Zara_Mirriya:
Ni matsalata daban ce. Ba rashin masu saurare ba ne, masu sauraren ne ke ba ni tsoro. Na taɓa gaya ma wata ƙawata abin da ke tsakanina da uwar mijina, ta saurare ni tsaf har da hawaye, kwana uku labarin ya riga ni zuwa gidan suna. Tun daga ranar na kama bakina, ai ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Wanda ya ce maka "sai haƙuri" ya wuce wani lokaci ya fi wanda ya baza kunne yana tara abin kai ma wasu.

Hajiya_Mai_Kilishi:
Ƴata Zara wannan gaskiya ne, saurare amana ne. Mu da muka taso, yarinya ba ta gaya ma uwarta komai ba saboda kunya, balle in ita ce ta fari ko sunanta uwar ba ta faɗi. Amma ba a bar ta haka ba, akwai gwaggo, akwai kaka da ake wasa da ita, akwai uwar ɗaki, kowace yarinya ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa. Yanzu an watse, wannan na Yamai wannan na Agadas wannan na Libiya, gwaggon ma tana can tana kallon waya. Kunyar ta rage mana amma ƙofofin sun rufe.

Etidiya_UAS:
Abin nan har a jami'a ana karanta shi. Akwai wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan Amurka, Carl Rogers, shi da abokin aikinshi suka yi rubutu a kai a 1957. Abin da yake cewa a taƙaice, kada ka yi gaggawar yanke hukunci ko ba da shawara, ka maida ma mutum abin da ka fahimta da bakinka don ya tabbatar ka gane ko ya gyara maka. Misali ka ce "ke nan ba kuɗin ne suka fi damunka ba, yardar da aka yi maka ce?" in ba haka ba ne shi zai ce a'a ga yadda take. Kuma ana cewa ka dinga kallon mai magana cikin ido.

Tela_Sabongari:
Ɗan makaranta je ka kalli tsohonka cikin ido yana magana ka dawo ka ba mu labari in ka tsira da haƙoranka 😂😂

Mushe_Karkada:
Tela ya yi gaskiya cikin wasa. Na shekara da yawa ina koyarwa, yaron da ya sunkuyar da kai yana wasa da yatsu sau da yawa shi ne ke jin ka, tarbiyyar gidansu ce. Wajenmu ba a ido ake gane mai saurare ba, a baki ake ganewa. "To." "Na'am." "Ikon Allah." "Ashsha." "Haba dai?" Gwada ba wani labari ya yi tsit bai ce ko ɗaya daga ciki ba, da kanka za ka tsaya ka ce kana ji na kuwa? Amma ɗaya maganar ta Etidiya, ta maida ma mutum abin da ka fahimta, ai tsofaffinmu na yin ta, je ka zauna inda mai unguwa ke sasanta mutane ka ji, "wato kana nufin ka ba shi kuɗin ne a kan aro ba kyauta ba, haka ne?" sai an ce haka ne sannan ya juya ga ɗayan.

Anfirme_Dare:
Bari in sa baki a matsayina na ma'aikaciyar lafiya, kuma da kaina zan fara. Akwai binciken da aka yi a Amurka a 1984, aka naɗi hirar likitoci da marasa lafiya, aka ga a matsakaici daƙiƙa 18 kawai likita ke bari kafin ya katse mai bayani. Ranar da na ji wannan dariya na yi don mu nan wani lokaci ko 18 ɗin ba mu kai ba, layi har waje, zafi, kai kaɗai, mutum na buɗe baki hannunka na kan takardar magani. Akwai wata mata da ta yi ta zuwa wajena da ciwon kai, a ba ta parasetamol ta tafi, sati biyu ta dawo, an auna zazzaɓin cizon sauro babu, hawan jini babu. Wata rana da dare babu mutane sosai na ce mata baiwar Allah wai mi ke hana ki barci? Shiru ta yi har na ɗauka ba za ta amsa ba, na daure ban cika shirun da magana ba, can sai ta fashe da kuka, ashe mijinta ya tafi Libiya shekara uku babu waya babu aike, ba ta san matar aure ce ita ko mai takaba ba, dangin mijin kuma sun ce kada ta kuskura ta kai maganar gaban alƙali. Ba ni da maganin wannan a kabad. Kusan rabin awa muka yi, da za ta tafi ta ce tun da abin ya faru ba wanda ya tambaye ta sai yau, kowa "ki yi haƙuri zai dawo". Ba zan ce ta warke ba, ta dai rage zuwa, kuma in ta zo yanzu gaisawa muke fara yi.

Dan_Matamaye:
Anfirme kin taɓo mini inda ke ƙaiƙayi. Kun tuna watan Oktoba na 2013 da aka tsinci gawa 92 a sahara bayan Arlit a hanyar Aljeriya, yawancinsu mata da yara daga wajenmu yankin Kance? Lokacin kowa ya zama mai wa'azi, kwaɗayi ne, rashin godiya ne, mazansu ba su iya riƙe su ba. Mutum nawa suka zauna da macen da ta dawo suka ce mata mi ya fitar da ke da goyo a baya? Ni na zauna da ƙanwar babata da aka maido, abin da ta gaya mini na rumbu da bashi da gorin kishiya har yau ban gaya ma kowa ba. Ban ce tafiyar daidai ce ba, amma in ba ka ji dalilin mutum ba wa'azinka iska yake bi.

Dan_Birni_Asali:
To ai yanzu an bar maganar babur an koma Aljeriya.

Binta_TudunJamus:
Yawwa Dan_Birni, abin da nake shirin faɗi ke nan amma ta wata fuska. Ku duba sama ku gani, mutum ya zo ya ce an katse shi a fada ba a bari ya kai inda ke mishi ciwo ba, mu kuma mun yi sharhi goma sha wani abu, aya, bature, labarin kowa, babu wanda ya ce mishi to ina ne ke maka ciwon? Abin da ƴan fadarshi suka yi shi muka yi sai dai namu da ilimi 😅 KabuKabu_Zango yayana kana nan? Ƙarasa mana, muna jin ka.

Mushe_Karkada:
Wallahi Binta kin kama mu da hannu cikin miya. Ni ne na fi kowa tsawaitawa.

KabuKabu_Zango:
Ina nan ƙanwata, ina ta karantawa, na gode. Abin shi ne alhajin nan ba dangina ba ne, maƙwabcin marigayi babana ne. Lokacin da na bar lakwal na shiga yawon banza da yaran unguwa har an taɓa kwana da ni a kwamisariya, kowa ya ce ba zan yi albarka ba, shi ya kira ni zaure ya miƙo mini makulli ya ce ga wannan ka riƙe kanka, ko takarda ba mu rubuta ba. Shekara huɗu ban taɓa fashin kai mishi kuɗinshi ba. Ranar da abin ya faru na je na gaya mishi, bai yi faɗa ba, ya ce Allah ya ƙaddara, ya shige gida. To wannan shirun nashi shi ke hana ni barci, da ma zagina ya yi. Kuma na ji wani ɗanshi na cewa wai ƙila ni na sayar da shi na zo ina ƙarya, tun da an san ni da. Ban sani ba ko alhajin ma haka yake tunani. In na hango shi zai tafi masallaci sai in canza hanya, yau kwana goma sha biyu ban gaishe shi ba, ni da kullum nake zuwa. Wannan ne ban samu na faɗa a fada ba.

Maman_Ikram:
Wayyo. Ashe ba baburin ba ne, sunanka da ka sha wuya ka gyara ne kake ganin zai zube.

KabuKabu_Zango:
Shi ke nan Maman_Ikram. Wallahi shi ke nan.

Dan_Birni_Asali:
To ka je ka same shi mana ka rantse da Alƙur'ani, ka kai ƙara kwamisariya a ba ka takarda ka nuna mishi, ka ce za ka dinga biya kaɗan kaɗan. Magana ta ƙare.

Zara_Mirriya:
Dan_Birni kai dai ba ka iya ganin magana a buɗe sai ka rufe ta 😂

Dan_Birni_Asali:
Zara ni fa ban yarda da wannan abin naku duka ba. Mutum na cikin rami ku zauna bakin ramin kuna "ashsha, to sai aka yi yaya", ni igiya zan jefa mishi. Tausayin da ba ya fitar da mutum daga matsala mi amfaninshi?

Anfirme_Dare:
Ba wanda ya hana igiya Dan_Birni, amma dubi da kyau, shawarar da ka bayar yanzu ta fi ta farko amfani nesa ba kusa ba, mi ya sa? Don yanzu ka san ramin da yake ciki. Da farko ka ɗauka kuɗin babur ne ka ce abokanshi ba su da abin saya mishi wani. Da Binta ba ta tambaya ba da har yanzu maganin ciwon kai muke ba mai ciwon zuciya. A Zimbabuwe akwai wani likitan ƙwaƙwalwa Dixon Chibanda, da ya ga likitocin irinshi ba su isa ƙasar ba sai ya koya ma tsofaffin mata, kakanni, su zauna kan benci a harabar asibitocin unguwa a Harare mutane su zo su faɗi damuwarsu. Su ma suna kai mutum ga mafita a ƙarshe, amma sai ya gama zazzage cikinshi kuma shi ke zaɓar abin da zai fara da shi. Cutar damuwar ma da yarensu sunanta yawan tunani, kamar dai yadda muke cewa tunani ya yi mishi yawa.

Hajiya_Mai_Kilishi:
Ai mu bencinmu layin pampo ne ƴata. Lokacin zafi in ruwa ya yi wuya a garin nan mu fito da bido tun ƙarfe uku na dare muna jira, abin da ake faɗi a wurin ko gaban malam ba a faɗin shi. Duhu ne ba mai ganin fuskar wani, ba inda za ka, dole ka ji. Kai kuma ɗana mai babur, ni ba shawara zan ba ka ba, tambaya ce. Shirun alhajin nan, ka tabbata fushi ne? Na san dattawan Damagaram, wani in abu ya dame shi shiga gida yake don kada yaro ya ga damuwa a fuskarshi ya ƙara jin nauyi. Kai ma fa ba ka saurare shi ba, kalma ɗaya ya faɗa ka cika sauran da kanka. Ƙila shi ma yana can yana cewa yaron nan kwana goma sha biyu bai leƙo ni ba, ko na yi mishi wani abu?

KabuKabu_Zango:
Hajiya wallahi ban taɓa kawo wannan a raina ba.

Tela_Sabongari:
Ni dai tun da ake tonon asiri bari in faɗi nawa, matata in ta turo bokal na minti biyar a WhatsApp sau biyu nake ƙara mishi gudu in ji ta kamar tsuntsuwa, in amsa da "to madalla". Ran nan ashe cewa ta yi ƙanenta ya yi hatsari a hanyar Tanut, ni kuma na tura to madalla. Kwana biyu tuwo ba miyar kirki.

Maman_Ikram:
Allah shi ƙara maka Tela, kaɗan ka gani 😂 ya jikin ƙanen nata?

Tela_Sabongari:
Da sauƙi, karaya ce a hannu an ɗaure.

Almajirin_GarinMalam:
Ni har yanzu ina nan kan cewa kada a zubar da "sai haƙuri". A zaman makoki mi muke cewa in ba shi ba? Kuma yana sanyaya zuciya. Sai dai na lura a makoki ba faɗi muke mu tashi ba, muna zama kan tabarma ko ba a ce komai, wani ya wuni. Ƙila zaman ne ke ba kalmar nauyi.

Etidiya_UAS:
Ni kuma ina ganin kada a yi ma ƴan fadar nan hukunci da yawa. Samari ne, ba a koya mana yadda za mu yi in namiji ɗan uwanmu ya karaya a gabanmu ba, kunya ke kama mu sai mu gudu zuwa ƙwallo. Wanda ya kawo labarin nashi baburin ma ƙila so yake ya ce na san zafin, bai iya faɗi ba ne. Da ka ja ɗaya daga ciki gefe bayan an watse ƙila da ka ga wani mutum daban.

Zara_Mirriya:
Ko kuma da safe duk Zango ta ji. Ni dai ban sauka daga kan bakana ba, a zaɓi kunnen da za a ba magana.

KabuKabu_Zango:
Etidiya akwai ɗaya da ya biyo ni har ƙofar gida daren, ya tsaya yana ta kame kame bai ce komai ba sai ya ce in ina so in dinga fita da nashi baburin da dare mu raba. Ni lokacin haushi ya hana ni ganin abin. Gobe in Allah ya kai mu bayan la'asar zan je wajen alhaji, ban san mi zan ce ba tukuna. Takardar kwamisariya kuma Dan_Birni tun ranar na karɓo tana aljihuna.

Dan_Birni_Asali:
To ka gani. Turo mini kalar baburin da lambarshi ta akwatin sirri, ina da yara masu gyara a hanyar Magarya su sa ido, galibi can ake bi da su a tsallaka iyaka.

Hajiya_Mai_Kilishi:
In za ka je kada ka tafi hannu banza ɗana, ko goro na ɗari biyu ka riƙa. Kuma ka bar shi ya fara magana.